Jar Fitila a Yatsan Marini

Litinin, bayan La'asar

Bahijja, ajiye wayar nan ki saurare ni, yanzu-yanzu, tun uwarki ba ta fito daga madafi ba. Jawo ƙofar. Ɗauko biro da ɗaya daga cikin littattafan nan naki na jami'a. A'a, ba an jima ba. Maganar da ke cikina ba ta tsakar gida ba ce, in kuma na haɗiye ta ba zan kai Magariba ba. Ki rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara mini baki.

Rubuta: ni ce Baraka ta gidan marina, Ƙofar Mata. Yau aka sallamo ubanki daga asibiti. Alhamdu lillahi. Ƙara wata alhamdu lillahin, ai takarda ba ta ƙare ba.

Da ƙafarsa ya sauko daga adaidaita, ba wanda ya riƙe shi. Ta ɓular asabari na gani. Ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa, amma bakin nan yana nan yadda yake. Tun daga zaure yake cewa a ɗora tuwon dawa, wai shayin asibiti ya kusa mai da shi Bature.

Me ya sa ban fito ba? Ke ma kin sani, so kike in faɗa. To rubuta. Ɗan farina ne. Ba na kama sunansa, ba na zama inda yake zaune, ban taɓa yi masa sannu a gaban mutum ba. Haka aka yi mana, haka muka yi. Ranar da aka yaye shi 'Yardada, ƙanwar mahaifinsa, ta goya shi ta tafi da shi Ƙofar Nassarawa. Ita yake ce wa Inna. Ni Yaya yake ce mini. Duk kwanakin nan da ƙirji ya kwantar da shi, ita da uwarki Safiya ne a bakin gadon. Ni ina nan ina tsince wake, wanda ya shigo dubiya in ce masa ai da sauƙi, kamar ana zancen ɗan maƙwabta.

Yanzu ga abin da ya sa na ce ki jawo ƙofa. Ɗan abin nan da Safiya ta sayo a kemis, mai kama da bakin agwagwa, da jar fitila a cikinsa. Likita ya ce a riƙa maƙala masa a yatsa safe da yamma, in ya nuna ƙasa da casa'in a mai da shi. Ɗazu kuka maƙala. Ta bango na ji kin ce tamanin da huɗu. Sai na ji ya yi dariya, ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ba inda za shi sai ranar da likita ya sa masa, kuma duk wanda ya ƙara yi masa zancen asibiti, gobe-goben nan zai koma karofi ya shiga rini.

Kakanki ma haka ya ce. Lafiyarsa ƙalau. Yana zaune a kan buzu yana ba mu labari, shekarar annobar nan da aka rufe masallatai, sai ciwon ya tafi da shi. Kar ki rubuta wannan.

Kin riga kin rubuta? Bar shi.

Talata, da hantsi

Rubuta cewa yau an auna kowa a gidan nan, don a ga ko agwagwar ce ke ƙarya. Safiya casa'in da takwas. Ke casa'in da tara, 'yar gayu. Malama Jummai maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya, ita ma aka kama ta. Sannan kuka zo kaina. Na ce ba mai sa mini wuta a yatsa, kika ce, "Iya, ke da kike ɗaukar garwashi da hannu?" Ai kuwa ba zafi ko kaɗan. Yatsana ya yi ja kamar an kunna shi daga ciki, ga jinina ina gani da idona. Casa'in da bakwai! Tsohuwa da goro da hayaƙin murhu, saura kaɗan in kamo ki. Jummai ta ce in haka ne a fara nema mini miji. Na ce ta kawo mai haƙora.

Kin koya mini lambobin boko guda biyu, kuma ba zan manta ba. Takwas gyaɗa ce mai ƙwaya biyu. Tara ludayi ne a tsaye. In ludayi ne a gaba, lafiya lau. In gyaɗa ce a gaba, da saura. Na tsufa ina tsoron boko, ashe gyaɗa ce da ludayi.

Sai da na gama murna tukuna na gane. In agwagwar ta faɗi gaskiya a kaina, to ta faɗi gaskiya a kansa.

Shi gyaɗa. Amma ya cinye malmala biyu.

Laraba, bayan Azahar

Na ce ki gaya mini yadda numfashi yake, kika ce ke ba likita kike karanta ba, fiziks kike yi. Na ce duk boko ɗaya ne, buɗe baki. To yanzu bari in maimaita da bakina ki rubuta, in ji ko na riƙe.

Ni da a zatona iska ce ke shigowa da kanta kamar baƙuwa. Ashe jawo ta ake yi. Akwai wata faffaɗar tsoka a ƙasan haƙarƙari, a shimfiɗe kamar fatar ganga. In ta ja ƙasa ƙirji ya buɗe, iska ta faɗo ta cike gurbin. In ta saki, iska ta fita. Na ce zugazugin maƙera ke nan, kika ce ƙwarai. Shi kuma huhu ba buhu ba ne guda. Bishiya ce a kife: gindinta a maƙogwaro, rassa suna ta rabuwa suna ƙanƙancewa, a ƙarshen kowane reshe ga 'yan jakunkuna kamar kumfar sabulu, da yawan da ba mai iya ƙirgawa. Jini yana zagaye kowace kumfa. A nan yake karɓar rabonsa, abin da kuke ce wa oksijin, ya sauke dattin iskar da ya kwaso daga jiki a fitar da shi. Ciwon ubanki kuwa, ruwa da majina ne suka cike kumfar, jini ya zo karɓa ya tarar da ƙofa a rufe. Na faɗa daidai? To.

Sai na yi miki tambayar da ta hana ni sakat. In mutum ya yi barci, wa ke tuna masa ya ja? Kika ce akwai wani wuri a ƙeya, inda ƙwaƙwalwa ta haɗu da ƙashin baya, shi ba ya barci, ɗanɗana jini yake ta yi. In dattin iska ya taru sai ya ce wa tsokar nan, ja. Tun ranar da aka haifi mutum yake wannan aikin, bai taɓa zuwa unguwa ba. Allahu Akbar. Wato tun ranar da 'Yardada ta fita da shi daga gidan nan akwai mai gadi a ƙeyarsa, ni ina nan ina ta wahalar da kaina. Na ji daɗin wannan magana, 'yar nan. Wallahi na ji daɗinta. Kwance ƙullin can ki ɗauki dabino, kin ci.

Alhamis, da safe

Gyaɗa.

Alhamis, da yamma

Gyaɗa. Yana can yana gardamar ƙwallo da rediyo.

Asabar, da hantsi

Malama Jummai, ke za ki rubuta mini yau, 'yar tawa tana da jarrabawa. Da ajami ko da boko, duk wanda ya fi miki sauri, ita ta san yadda za ta yi da shi.

Jiya na kama Bahijja da gardama, kuma ina so a rubuta, don rabin nasarar tawa ce. Ta ce jini in ya sha iska jawur yake zama, in bai sha ba ya yi duhu, wai shi ya sa leɓen mai ciwon ƙirji yake yin shuɗi. Na ce an juya miki karatu, yarinya. Ni a gidan rini aka haife ni, gidan rini aka kawo ni. Zane in an tsamo shi daga rijiyar baba kore-kore yake fitowa, kamar ruwan kududdufi. Sai an ɗaga shi ya sha iska yake komawa shuɗi, kina tsaye kina kallo. A mai da shi, a ɗago, ya ƙara sha, ya ƙara duhu. Shuɗi ai shi ne alamar an sha iska an ƙoshi!

Ta kalle ni. Sai ta yi tsalle ta rungume ni har ɗankwalina ya faɗi. Ta ce iskar ɗaya ce, oksijin ɗin nan dai: shi baba in ya same ta shuɗi yake yi, shi kuwa jini ja, don akwai ƙarfe a cikinsa. Ƙarfe, Malama! A jinina da naki. Na ce yawwa, yanzu na gane abin da ke sa gwiwata ƙara in zan tashi. Tsatsa ce.

Da kika shiga gaishe shi ɗazu, kin ga leɓensa? Ba tambaya nake yi ba. Cewa na yi ko kin gani.

Ja? To. Rubuta ja.

In leƙa da kaina? Haba Malama, ke ma kin fara irin na yaran nan.

Lahadi, bayan La'asar

'Yardada ta zo da ƙwaryar fura da nono mai kyau daga wajen danginsu. Ta zauna a gabansa ta dama masa da hannunta, ya shanye tas. Sannan aka maƙala agwagwa a gabanta. Kin ga abin da ya biyo baya, Bahijja, amma rubuta.

Ta lallashe shi. Ta yi masa faɗa. Ta tuna masa ƙyandar da ta yi jinyarsa yana ƙarami. Shi kuwa sai tsokanarta yake, "Inna, mai mutuwa yana shanye ƙwarya guda?" Ta fito ta tsaya a ƙofar ɗakina ta ce, "Ke kuwa Baraka, dutse aka sa miki a ƙirji? Ki buɗe baki sau ɗaya a rayuwarki ki ce masa ya tafi." Na ce, "Ɗanki ne, Goggon yara. In bai ji taki ba, tawa zai ji?" Ta ce to ita da gidan nan sai ranar da ya ga likita, ta figi mayafi.

A zaure ta tsaya ta yi kuka, kowa yana ji, har mai sayar da ruwa ya tsaya yana ba ta haƙuri.

Na yi sha'awar kukan nan, Bahijja. Kuka ne mai kyau, mai faɗi, ba a ɓoye ba.

Talata, bayan Azahar

Yau na taɓo inda yake miki daɗi. Cewa kawai na yi, ta yaya agwagwa take sanin abin da ke cikin jini ba ta yanka ba, ba ta tsotsa ba? Sai ga ki kin miƙe tsaye kina ta wurgi da hannu kamar mai wa'azi. Wannan ne karatun naki, ashe. Kwantam. Suna kamar an jefa dutse a rijiya.

Rubuta in ji. Haske ƙwaya-ƙwaya ne. Ni da na ɗauka kamar ruwa yake, a zuba kaɗan ko a zuba da yawa. Ashe kamar gero yake: daga nesa ki ga yana kwarara, in kin matso ƙwayoyi ne, kuma ba a raba ƙwayar biyu. Ko ki ɗauki guda, ko ki bari. Ƙwayar jan haske da ƙarfinta, ta shuɗi da nata.

Sannan kowane abu a duniya, ni da ke da tabarmar nan, an gina shi da wasu 'yan mitsi-mitsi da ido ba ya gani. Su kuma ba sa hawa gangare, matakala suke hawa. Ko suna wannan matakin ko suna na sama, ba tsayawa a tsakani a huta. In ƙwayar haske ta zo, ƙarfinta ya yi daidai da tsayin matakin, sai a haɗiye ta a haye. In bai yi daidai ba ta wuce abinta, ko sannu. Shi ya sa kowane abu yake da hasken da yake ci da wanda yake bari, wanda ya bari ɗin shi muke gani mu ce launinsa ke nan. Na ce ashe launi sauran abinci ne. Kika ce in malaminku ya ji wannan zai rubuta a allo.

To jinin da ya ƙoshi da iska ba ya cin ja sosai. Jinin da ke jin yunwa shi ke cinye ja. Agwagwa tana aika ja ta cikin yatsa, da wani hasken da ido ba ya gani, ta tsaya a ɗaya gefen tana duba nawa suka fito da rai. Ke nan ba aljani a ciki. Na so a ce akwai, da an yi masa magana.

Sai kika faɗi wadda ta sa na ajiye carbi. Wai 'yan mitsi-mitsin nan, kafin a auna su, ba a cewa suna nan ko suna can, a baje suke kamar ƙamshin turare a ɗaki. Sai an auna suke tsayawa wuri guda. Na ce yawwa! Abin da iyayenmu suka sani ke nan, shi ya sa ba a zuba wa ɗan fari ido. Kallo yana taɓa abu. Kika ce, "A'a Iya, ba ido ba ne, awo ne, sai an taɓa su da wani abu kafin a san inda suke. Kuma Baba ƙato ne, ya fi ƙarfin wannan lissafin. Ko kin kalle shi ko ba ki kalla ba, numfashinsa ɗaya ne." Na ce oho dai. Kika ce, "To tunda kallonki ba ya cutar da shi, me ya hana ki leƙa?"

'Yar nema. Rufe littafin.

Laraba, kafin La'asar

Rubuta cewa butata ta ɓata yau. Na neme ta ko'ina, har ɗakin ubanki. Daina yi mini wannan murmushin.

Safiya ta fita barka, shi yana barcin rana. Na tsaya a bakin ƙofa ina neman buta. Rigar tana hawa tana sauka, a hankali, ba gaggawa, babu jan nan da kafaɗa da na taɓa gani a wani wuri. Hannuwansa a kan ciki, shuɗi har ya koma baƙi, har cikin farce, irin na ubansa sak. Furfura ta fito masa a gemu. Ba wanda ya gaya mini.

Sai ya ce, idonsa a rufe, "Yaya, butarki tana hannunki."

Na ce na sani, wata nake nema. Na fito. Ban ji ƙafata ta taɓa ƙasa ba har na zo ɗaki.

Juma'a, da safe

Gyaɗa. Ki gaya wa uwarki kar a ƙara yin miyar gyaɗa a gidan nan sai na ce.

Asabar, da yamma

An wuni ana ruwa. Na ji ya yi tari. Ya ƙara yi. Sai kuma shiru, shirun ya fi tarin.

Wancan karon ma ba a ga komai a fuska ba. Shi ne abin. Da ana gani a fuska, da

Bari. Ba na son magana yau. Zauna dai kusa da ni, ba sai kin rubuta ba.

Litinin, bayan La'asar

Malama Jummai, zauna, zauna! Ina kika shiga aka yi abu ba kya nan? Ke za ki rubuta, Bahijja ta kasa zama wuri ɗaya, balle ta riƙe biro. Ni ma bari in sha ruwa tukuna.

Abokan aikinsa ne suka zo dubiya daga karofi, Malam Lawal da Ɗahiru, waɗanda rijiyoyinsu ke kusa da tasa. Lawal kin san shi, ƙaton nan da ke saɓa jiƙaƙƙen zane kamar ya ɗauki ɗankwali. Da ƙafa ya taho daga kasuwar Kurmi, da ƙunshin tsire a hannu. Suka zauna a zaure, ni ina bayan ƙyaure, iska nake sha. Lawal yana ta tsiya: "Sarkin ragwaye, rijiyarka ta fara tambaya ko ka sake ta ne." Shi kuma ya ce, "Bar ta ta huta da ganin fuskarka."

Lokacin awo ya yi, Bahijja ta kai musu ruwa da agwagwa. Aka maƙala masa, gyaɗa kamar kullum. Sai Lawal ya miƙa hannu ya ce, "Kawo nan 'yata, in nuna wa ubanki yadda jinin maza yake." Ta maƙala. Ta tsaya tana duban lambar. Ya ce, "Faɗi mana." Ta ce tamanin da biyu.

Dariya ta ɗauke. Ɗahiru ya ce a gwada shi. Tamanin da biyar.

Malama, na ce inna lillahi, ciwon nan ya dawo, wannan karon ta karofi ya shigo, zai bi su ɗaya bayan ɗaya suna zaune suna dariya. Na dafa bango. Shi kuwa Lawal, mutumin da ya shigo yana cika zaure da murya, sai ga shi ya dafe ƙirji yana cewa, "Ni fa dama tun jiya nake jin wani iri." Ɗahiru ya fara salati.

Ita Bahijja sai ta ƙura wa tabarma ido, inda hannuwansu suke a jere, su uku. Ta dubi nata. Sai ta ƙwalla ƙara: "Baba ne! Wallahi baba ne yake cinye jan!"

Ubanta ya ce, "Ni? Me na ci? Ko tsiren ban taɓa ba."

Ta ce, "Ba kai ba, Baba, baban rini! Na farcenku!"

Ta tsuguna tana yi musu bayani, bakinta har harɗewa yake. Ni kuwa a bayan ƙyaure na riga su ganewa, don an ba ni karatun tun Talata. Me ya sa baba yake shuɗi? Don ja yake ci, ya bar shuɗi. Ga shi ya kama fata, ya shige farce, shekara da shekaru. Agwagwa ta aika ja, baba ya tare a hanya ya haɗiye, ita kuma baiwar Allah tana ɗaya gefen tana cewa jini ne ke jin yunwa. Ba ƙarya ta yi ba, tare ta aka yi.

Sai Safiya ta ɗaga murya daga tsakar gida, ta ce ai a asibiti a yatsan ƙafa suke maƙala masa, ita ta ɗauka don hannuwan duk allurar ƙarin ruwa ce. Ba wanda ya tambaye ta, ita ma ba ta kawo komai a ranta ba.

Uban Bahijja ya miƙe ƙafa. Ƙafar nan ba ta taɓa shiga baba ba. Bahijja ta maƙala a yatsan kusa da babban. Fitilar tana ƙyaftawa, zuciyata tana bin ta.

Kin san abin da yarinyar nan ta yi? Ba ta faɗi lambar ba. Ta juyo da fuskar abin wajen ƙyaure, inda ta san ina tsaye, ta ce, "Wa zai karanta mana?"

Na karanta da kaina, Malama. Ludayi a gaba. A bayansa wani ludayin, a kife. Na ce, "Ludayi ne." Da ƙarfi na faɗa, a gaban maza, muryata har titi. Bahijja ta ce casa'in da shida.

Lawal ya tuɓe takalmi yana cewa, "Ni ma, ni ma!" Ɗahiru ya toshe hanci ya ce in agwagwar ta tsira daga wannan ƙafar ba abin da zai ƙara kashe ta. Ludayi. Shi ma Ɗahiru ludayi. Lawal ya warke nan take, ya buɗe tsiren da ya kawo wa majinyaci ya cinye fiye da rabi.

Ni na koma ɗaki na rufe ƙofa. Abin da na yi a ciki ba na rubutawa ba ne.

Amma Bahijja ta ce kar a yi saurin murna, ita ba likita ba ce, sai an je an auna da na asibiti an saurari ƙirjin. Kuma ya yarda! Mutumin da ya ƙi jin ta Innarsa, yanzu shi ke tambaya yaushe Alhamis za ta yi, wai yana so ya ga fuskar likita in ya ba shi labari. Na ce kar kowa ya kai wa 'Yardada tukuna. Tana da hawan jini. Ba za a ɗaga ta sama ba sai an tabbata ba za a sake ta ba.

Laraba, da yamma

Gobe ne. Na ce Safiya ta jiƙa gero da yawa. Ba don komai ba.

Ƙafa ludayi, hannu gyaɗa. Mutum ɗaya. Ikon Allah.

Alhamis, kafin Azahar

Sun tafi tun da sassafe, shi da Safiya da Bahijja. Malama, ki zauna da ni, ki ajiye wayarki a nan inda zan gan ta. Rubuta ko me, ba ni da abin faɗa. Rubuta cewa rana ta fito bayan ruwa. Rubuta cewa ina jin bugun mabuga daga nan, yau da daɗi yake shiga kunne. Rubuta cewa in ma ƙafar ce ta yi ƙarya, to

Ta yi ƙara! Ɗauka, ɗauka mana! A'a, kar ki sa mini a kunne, buɗe muryar mu ji tare.

Na'am, 'yar nan. Ina ji. Yi a hankali, ba na gane ki in kina dariya.

Rubuta, Malama, rubuta yadda take faɗa. Sun maƙala masa a kunne, ludayi. Sun ɗebi jini a wuyan hannu sun auna, lafiya. Sun ɗauki hoton ƙirji, kumfar ta buɗe, ruwan ya janye. Ya ƙarasa maganinsa, ya ɗan ƙara hutawa, sannan ya koma rininsa a hankali. Wai likitan ya riƙe farcen yana juyawa, ya kira abokan aikinsa su zo su gani. Wa nake ji a baya yana surutu? Shi ne? Me ya ce? A ɗora tuwo. To, an ji.

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Kashe wayar, Malama, kar su ji ni.

A'a, ba komai, hayaƙi ne.

Yanzu ajiye biron ki tashi. Kar ki biya karofi, Lawal zai ji. Kar ki tsaya gaya wa matan layi. Kuma ba ta waya ba, da ƙafarki za ki, ki tari adaidaita zuwa Ƙofar Nassarawa, ki zaunar da ita tukuna kafin ki faɗa. Ki ce ɗanta ya ga likita, ɗanta ya warke. Ɗanta za ki ce. Ki ce rantsuwarta ta cika, ta taho ko ba takalmi, ta tsaya a tsakiyar gidan nan ta rangaɗa guɗa har a ji a bakin rijiyoyi, ta yi tata ta yi ta wata. Ni ina ɗaki, zan bar ƙofa a buɗe.

Tashi mana. Kafin kowa, 'Yardada.